Waiwaye: Coci a Tsakiyar Unguwa, Tsohuwar Tambaya a Kano

Idan takardar neman izinin gina coci a unguwar gidaje ta isa teburin hukumar tsara birni ta KNUPDA, abin da ke cikin fayil ɗin bai wuce girman fuloti, faɗin titi, magudanar ruwa da wurin ajiye mota ba. Amma a majalisar unguwa ba wannan ake tattaunawa ba. Can tambayar ita ce: "Su wa suka sayar musu da filin?" Tazarar da ke tsakanin fayil da majalisa ta haura shekara ɗari.

A 1900, tun kafin Turawa su ci Kano, tawagar mishan ta Bishop Tugwell ta iso birni, Sarki Alu Babba ya sallame su. Da Turawa suka kama gari a 1903, ba su sauya wannan matsayi sosai ba, domin Lugga, shugaban mulkin Turawa a Arewa, ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa musu addini ba. Sai jirgin ƙasa ya iso a 1911, ya kwaso akawuna, masu sana'a da fatake daga Kudu, da yawansu Kiristoci. Ina za a ajiye su? Aka yanka musu Sabon Gari a wajen ganuwa. Birni na Musulmi, Nasarawa ta Turawa, Sabon Gari ta baƙi. Wato farkon tsarin gari na zamani a Kano ya raba mutane ne gwargwadon asali, kuma addini ya bi sawu. Shi ya sa har yau Bakano ke jin cewa coci yana da mazauninsa, duk wanda aka gani a wani wuri ya ƙetare iyaka.

Fagge ce ta nuna inda wannan tunani ke iya kaiwa. Akwai tsohon cocin Angilika a can, wanda ya riga babban masallacin Juma'a na Fagge kafuwa. Shekaru suna maƙwabtaka ba a ji kansu ba. Da aka tashi sake gina cocin a faɗaɗa shi, sai aka ce ya matsi masallaci. A watan Oktoba na 1982, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, matasa suka fito. 'Yan sanda suka tsare cocin da ake rigima a kansa, fushin ya juya kan wasu coci-coci aka ƙone su. Abin lura, ba sabon fili aka nema ba, gyaran tsohon gini ne. Tarzomar 1991 kan zuwan mai wa'azin nan Bajamushe Reinhard Bonnke ba ta gini ba ce, amma ta ƙara zurfafa rashin yarda, ta sa kowane ɓangare ya ƙara maƙalewa a unguwar da yake da rinjaye.

Ita doka fa? Dokar filaye ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, shi ke sa hannu a takardar mallaka, kuma takardar tana fayyace abin da aka ba da filin dominsa: gida, kasuwanci ko wurin ibada. Wanda ya sayi fulotin gida yana so ya mayar da shi coci, ko masallaci, ko makaranta, sai ya nemi izinin sauya amfanin filin, sannan a amince da zanen gini. Tsarin mulki na 1999 kuma, a sashe na 38, ya ba kowa 'yancin yin addininsa. A rubuce dai babu inda aka ce wannan unguwa ta masu salla ce, waccan ta masu zuwa coci.

Matsalar ita ce Kano ta daɗe da fin ƙarfin taswirarta. Unguwanni da dama awon igiya ne, dillali da mai gona suka yanka, ba a ware filin makaranta ba balle na ibada. Sabon Gari kuwa ta cika ta batse, haya ta yi tsada, Kiristoci sun bazu zuwa Brigade, Badawa da sauran unguwannin waje. Kuma mu daina mantawa, ba duka baƙi ba ne. Akwai Hausawa Kiristoci 'yan asalin jihar, waɗanda ba su da wani gari da za a ce su koma.

Shugabannin Kiristoci sun daɗe suna kukan cewa samun takardar mallaka da sunan coci a jihohin Arewa irin Kano abu ne mai wuya. Sakamakon haka sai a sayi gida a ce na zama ne, a fara addu'a a falo, a rushe bango a ƙara benci. Ranar da maƙwabta suka farga sai su ce an yaudare su, hukuma ta zo da jan fenti ta ce ba izini, kuma a bisa doka tana da gaskiya. Su ma maƙwabtan ba duk kukansu ne son zuciya ba: lasifika da ganga a daren addu'a, janareto, motoci sun toshe lungun da mota ɗaya ke wucewa da ƙyar. Sai dai a ganina hujjar tana yin rauni idan aka tuna masallatai nawa ne a ƙofar gidaje, wasu sun ci rabin titi, da ba wanda ya taɓa tambayar takardarsu.

Shi ya sa a aikace fayil ɗin ba ya tsayawa a ofishin injiniyoyi. Sai an ji ta bakin mai unguwa, dagaci ya kai wa hakimi, a tuntuɓi jami'an tsaro, kuma kalmar da ke yanke hukunci ita ce "zaman lafiya". Jami'in da ke tsoron a ce shi ya sa hannu gari ya kama da wuta, ba zai amince ba, ba zai kuma ƙi a rubuce ba. Sai fayil ya kwanta a durowa, masu coci su ci gaba da taruwa a falon, maƙwabta su ci gaba da rubuta takardar koke.