Tambayoyin da ake ta yi mana tun da muka dawo daga Delhi

Ni da maigidana da yara ne muka raka Baba ganin likita a Indiya, to tunda kowa abu ɗaya yake tambaya bari in amsa gaba ɗaya in huta.

Wai da gaske garin kamar yadda muke gani a fim yake?

Ina! Babu mai rawa a titi yar uwa, kowa sauri yake. Abin da zai fara tarbarki shi ne hon, mota hon, babur hon, mai keke ma ƙararrawa yake kaɗawa, ga shi ta hagu suke tuƙi sai ki ga kin duba ɓangaren da ba shi ba in za ki tsallaka. Delhi da kewayenta mutum ya haura miliyan 30, don haka cunkoson ba na wasa ba ne.

To ya kuke yawo da yara a wannan cikowar?

Jirgin ƙasan cikin gari, metro. Wallahi shi ya fi burge ni a duk tafiyar, tun 2002 suka fara shi kuma har yanzu tsaf yake, ga sanyin esi, ana duba jaka a kowace tasha kafin a shiga, sannan akwai tarago guda da aka ware wa mata zalla, ni da 'yata can muke shigewa mu bar maigida da Baba suna matsatsi da maza. In an fito kuma sai adaidaita sahu, dama namu na gida daga can ake kawo su, kamfanin Bajaj da TVS. Nasu kore da ruwan ɗorawa ne. Ki yi ciniki kafin ki hau, suna ganin baƙo kuɗin ke tashi.

Sallah da abinci fa?

Nan ne tsohuwar Delhi ta yi mana rana. Akwai Jama Masjid wanda sarki Shah Jahan ya gina, aka gama a 1656, shi ne dai mai Taj Mahal ɗin nan, masallacin jan dutse ne da farin marmara, Baba da ƙyar ya hau matakalar amma da ya zauna a farfajiyar cewa ya yi a ƙyale shi har magariba. Lungunan da ke gefen masallacin duk musulmi ne masu abinci, biriyani, gasasshen nama, gurasa mai zafi daga tanderu. Naman saniya dai ki manta da shi, an hana yanka ta a Delhi, sai akuya da kaza da ɓauna. Yajin kuwa, mu da muke taƙama da yaji sai da muka sara musu, ƙaramin yarona shinkafa da yogot ya koma.

Kasuwa?

Chandni Chowk, Kantin Kwari ce aka ninka sau da yawa. A layin kayan ƙamshi na Khari Baoli atishawa kawai muke yi.

Ya suke kallon baƙar fata?

Kallo kam akwai, har a dame ki da a yi hoto da yara. Wasu son sani ne kawai, wasu kuma ba ya yi miki daɗi, gaskiya.

Wane lokaci ya fi a je?

In ba likita ne ya tsayar da rana ba ku kauce wa Mayu da Yuni, zafi na kai digiri 45. Nuwamba kuma hayaƙi ke rufe garin saboda manoman jihohin Punjab da Haryana da ke maƙwabtaka da Delhi na ƙona karan shinkafa, mai asma ko tsoho irin Baba zai wahala. Fabrairu zuwa farkon Maris ya fi sauƙi.