Wai mene ne simuleshan ɗin nan da ɗaliban nas ke ta faɗa?

Ƙanwata ce ta dawo daga makarantar koyon jinya duk ta jiƙe da gumi, tace yau sun yi simuleshan, Umma tace me kenan kuma, da ta ji ai mutum-mutumin roba suka wuni suna danna wa ƙirji sai tace au, wasan 'yar tsana muka tura ki?

To simuleshan dai atisaye ne, a shirya halin gaggawa na kwaikwayo kafin ɗalibi ya haɗu da na gaske. A kwantar da mutum-mutumin a gado, malama tace ga shi yanzu aka shigo da shi emajansi, ba ya numfashi, zuciya ta tsaya, bismillah. Ɗaliba ta ɗora hannuwa a tsakiyar ƙirji ta danna sau 30, a ba da numfashi sau 2, a koma, kuma dannawar ba ta shafa-shafa ba ce, ƙirjin babba sai ya lotsa santimita 5 zuwa 6, da saurin 100 zuwa 120 a minti ɗaya, shi ya sa ake karɓar juna duk minti 2 don wallahi hannu sagewa yake. Kowa ya haddace wannan a littafi, amma ran da ka tsinci kanka a emajansin asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, 'yan uwan mara lafiya na salati a kanka, abin da hannunka ya saba shi kaɗai zai fito.

Umma ma ba ta yi nisa da gaskiya ba fa, Asmund Laerdal da ya ƙera Resusci Anne, mutum-mutumin koyon danna ƙirji, a 1960 asalinsa mai yin kayan wasan yara ne a Norway. Na yanzu akwai masu numfashi da bugun jijiya, akwai na haihuwa da ake koyon tsayar da jini idan mai jego ta zubar da mililita 500 ko fiye.

Ni wajen da na fi ba muhimmanci shi ne zaman da ake yi bayan an gama, a tambayi ɗaliba me kika gani, me ya sa kika yi kaza, ba tsawa ba cin fuska, don in aka kunyata ta gaban ƙawaye gobe ɓoye kuskurenta za ta yi. Ita ƙanwar tawa a nan ta gane ta hau dannawa ba ta kira a kawo ɗauki ba, tace sati mai zuwa za su maimaita.