Mai tumbin nan ba shi ne Buda ba

A bakin haikalin Lingyin da ke Hangzhou, ƙasar Sin, an sassaƙa wani mutum a jikin dutse: ƙaton tumbi, ya kishingiɗa yana ƙyalƙyala dariya, hannunsa kan buhu. Baƙi na ganinsa sai su ce ai ga Buda. To, ba shi ba ne. Wannan Budai ne, wani mai zuhudu ɗan Sin da ya rayu a ƙarni na 10, kuma sunansa ma "buhun yadi" yake nufi. Kamannin sunayen na ƙara rikita mutane.

Shi kuwa Buda na ainihi, wato Siddhartha Gautama wanda ya kafa addinin Buda, a Lumbini ta Nepal aka haife shi, fiye da shekara 1,000 kafin Budai. Ka daure ka shiga babban zauren haikalin, ka dubi gunkinsa da kyau: babu tumbi, kunnuwa dogaye, ga tudu a tsakar kai.