Ma'anar "demo", da yadda kewar Beatles ta sa aka karkatar da kalmar

Tun daga ranar 2 ga Nuwamban 2023, lokacin da aka saki waƙar Now and Then da sunan ƙungiyar mawaƙa ta Beatles ta Ingila, waƙar da aka gina a kan wani tsohon kaset na marigayi John Lennon, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar huɗu, kalmar "demo" ta shiga bakin masu gabatar da shirye-shiryen nishaɗi da masu rubutu a shafukan sada zumunta, kuma ta sake tasowa a watan Fabrairun 2025 da waƙar ta ci kyautar Grammy. Ana yawan faɗinta, sai dai kowa da abin da yake nufi da ita. Wani yana fassara ta da somin-taɓi, wani yana cewa tsohuwar waƙa ce da ta ɓata aka tsinto, wani kuma ya haɗa ta da ƙirƙirarriyar basira har mai sauraro ya ɗauka cewa demo waƙa ce da kwamfuta ta rera da muryar mamaci. Duka ukun kuskure ne, kuma na tsakiyar ya fi damuna, domin shi ne wanda ya fi daɗin ji.

Kalmar gutsure ce daga wata kalmar Ingilishi mai nufin nuni ko gwadawa. A wurin mawaƙa, demo shi ne daftarin waƙa: ɗaukar farko da mawaƙi yake yi, sau da yawa shi kaɗai a ɗaki da fiyano ko jita da ƙaramar rikoda, don kada karin da ya zo masa ya gudu, ko don ya nuna wa abokan aikinsa yadda yake jin waƙar a ransa. Matsayinsa bai wuce zanen allin da tela yake yi a kan yadi kafin ya sa almakashi ba. Somin-taɓi ana yankowa ne daga gamammiyar waƙa a jefa wa jama'a don a tayar musu da kwaɗayi, shi kuwa demo ba don jama'a ake yin sa ba sam. Shi ya sa za ka ji mawaƙin ya kai wani wuri da bai samo kalmomi ba ya cike gurbin da gunguni, ko ya yi kuskure ya dawo baya, ko a ji hayaniyar gida tana shigowa.

'Yan Beatles da kansu sun san wannan aikin sarai. A watan Mayun 1968 sun taru a gidan ɗayansu, George Harrison, da ke garin Esher, suka ɗauki daftarin waƙoƙi sama da ashirin kafin su shiga sitidiyo su yi faifan da aka sani da farin bango, kuma waɗannan ɗauke-ɗauken ba su fito a hukumance cikakku ba sai a 2018. Akwai lokacin da daftari yakan fi ƙarfin mai shi, kamar yadda ya faru da Bruce Springsteen na Amurka a 1982, wanda ya ɗauki waƙoƙi a kaset a gidansa, ya gwada su da makaɗansa bai gamsu ba, daga ƙarshe ya fitar da na kaset ɗin a matsayin faifan Nebraska. To amma a can mai waƙar ne ya yanke hukunci da ransa da lafiyarsa, kuma wannan sharaɗin shi ne ginshiƙin duk maganar.

Ga tarihin kaset ɗin da ya jawo surutun. Ƙungiyar Beatles ta watse a 1970. A ƙarshen shekarun 1970, wato bayan watsewar da shekaru masu yawa, John Lennon ya zauna gaban fiyano a gidansa da ke ginin Dakota a birnin New York, ya kunna rikoda ya rera wasu waƙoƙi da yake kan sarrafawa. An harbe shi a ƙofar wannan ginin ranar 8 ga Disamban 1980. A 1994 matarsa Yoko Ono ta miƙa wa Paul McCartney, abokinsa a ƙungiyar, kasa-kasan da ke ɗauke da wasu daga cikin waƙoƙin, domin ukun da suka rage, wato McCartney da Harrison da Ringo Starr, su ɗora kiɗansu da muryoyinsu a kai cikin aikin tarihin ƙungiyar da aka kira Anthology. Da taimakon mai sarrafa waƙoƙi Jeff Lynne suka kammala biyu: Free as a Bird ta fito a Disamban 1995, Real Love kuma a Maris ɗin 1996. Ta ukun, wato Now and Then, sun taɓa ta a 1995 suka ajiye. Ƙarar fiyano tana danne muryar Lennon, akwai kuma wani kurman sauti, wato ƙugin lantarki, da ke bin kaset ɗin, sannan McCartney ya faɗa daga baya cewa Harrison bai so ta ba, kuma tunda al'adar ƙungiyar ita ce ba a yin abu sai kowa ya yarda, aka bar ta.

Duk wanda ya bi wannan jerin zai ga cewa kalmar "ɓata" ba ta da mazauni a cikinsa. Kaset ɗin yana hannun iyalin Lennon, daga nan ya koma hannun McCartney, kuma McCartney bai daina ambatonsa a hirarraki ba tsawon shekaru. Kai, masoya na haƙiƙa sun daɗe da jin daftarin, domin kwafinsa ya sulale ta bayan fage ya yi ta yawo a intanet tun kafin 2023. Abin da aka ajiye da sani a cikin akwati, ana tuna shi ana jinkirtawa, ajiyayye ne. Haka ma kiran ta "waƙar Beatles da aka gano" yana buƙatar gyara, domin a ranar da Lennon ya rera ta babu wata ƙungiya mai suna Beatles a doron ƙasa. Waƙar Lennon ce shi kaɗai, ba ta zama ta ƙungiyar ba sai da sauran suka sa mata hannu bayan rasuwarsa.

Idan ana neman demo da ya ɓata da gaske, ba sai an je New York ba. A 1973 McCartney ya zo Legas don ɗaukar faifan Band on the Run a sitidiyon kamfanin EMI, sai wata rana da daddare 'yan fashi suka tare shi da matarsa Linda da wuƙa, suka ƙwace jakar da ke ɗauke da rubutattun baitoci da kasa-kasan daftarin waƙoƙin. Dole ya dogara da abin da ya rage masa a ka ya sake gina su. Wannan ita ce ɓata, kuma da a ce wani zai buɗe tsohon akwati a Legas ya fito da waɗannan kasa-kasai, to a ranar ce masu shirye-shirye za su cancanci faɗin "an gano".

Akwai kuma wani nau'in da ake cusawa cikin demo alhali ba shi ba ne. A ranar 13 ga Oktoban 2022 ƙungiyar Queen ta saki Face It Alone da muryar mawaƙinta Freddie Mercury, wanda ya rasu a 1991. An ɗauke ta ne a 1988 a zaman aikin faifan The Miracle, a sitidiyo, da kayan aiki na ƙwararru, lokacin ƙungiyar tana tare, sai dai ba ta samu shiga faifan ba. Wannan rarar aiki ce, kamar ƙyallen da ya saura bayan an gama ɗinki. Tazarar da ke tsakaninta da kaset ɗin Lennon tana da faɗi, amma a bakin mai sanarwa duk "tsohuwar waƙar da ba a taɓa ji ba" ce.

Batun ƙirƙirarriyar basira ya samo asali ne daga bakin McCartney kansa. A watan Yunin 2023 ya shaida wa gidan rediyon BBC cewa an yi amfani da ita wajen zaro muryar Lennon daga kaset. Maganar ta faɗo a mummunan lokaci, domin watanni biyu kafin nan wata waƙa da aka ƙera da muryoyin bogi na mawaƙa Drake da The Weeknd ta karaɗe intanet, don haka mutane suka ɗauka irin wannan aikin za a yi wa mamaci, har sai da ya fito ya fayyace cewa babu abin da aka ƙirƙira. Abin da ya faru shi ne, a kaset irin na gida murya da fiyano suna zaune ne a layi ɗaya, a cakuɗe kamar gishiri a miya, idan ka ƙara ɗaya ka ƙara ɗayan. Ma'aikatan mai shirya fina-finai Peter Jackson, a lokacin da suke shirya fim ɗin tarihi na Get Back da ya fito a 2021, sun samar da wata manhaja da ake koya wa gane sautin murya da na kowane abin kiɗa, sannan ta ware su daban-daban. Sun sa mata suna MAL, don tunawa da Mal Evans, tsohon hadimin ƙungiyar. Da ita aka tsame muryar Lennon tas, aka bar fiyanon da kurman sautin a baya. Saboda haka muryar da ake ji tasa ce, daga maƙogwaronsa ta fito a wancan ɗakin. Wanda ya ce kwamfuta ce ta rera ya yi wa mamaci ƙarya, ya kuma ba manhajar yabon da ba nata ba.

Inda nake da ja shi ne abin da ya biyo bayan tsamewar, domin a nan ne demo ya daina zama demo. McCartney da Giles Martin, ɗan George Martin wanda ya sarrafa kusan duk faya-fayan ƙungiyar, suka ɗora sabon fiyano da jitar bes, Ringo ya buga ganguna, aka ɗauko jitar da Harrison ya kaɗa a 1995 aka saka, tunda shi ma ya rasu a Nuwamban 2001, aka ɗauki masu goge a sitidiyon Capitol da ke Los Angeles, aka kuma tsakuro amshi daga wasu tsofaffin waƙoƙin ƙungiyar na shekarun 1960. McCartney ya kaɗa wani sashe na jita da salon Harrison don girmama shi. Abin da ya fito a 2023 sabon aiki ne, wanda dattijai biyu, ɗaya mai shekara 81 ɗaya mai 83 a lokacin fitowarsa, suka gina a kan muryar abokinsu da ya rasu yana da shekara 40. Ba na ganin laifi a yi hakan, muddin an kira abin da sunansa. Mai cewa "ku saurari demo ɗin Lennon" alhali gamammiyar yake kunnawa yana shafe hannayen da suka yi aikin, kuma yana jingina wa Lennon zaɓe-zaɓen da bai yi ba.

Dalilin da ya sa kuskuren ya ƙi mutuwa shi ne kewa. Masoyin Beatles da ya taso da faya-fayansu a Liverpool ko Hamburg ko Tokyo ba nazarin kalmomi ya zo yi ba, yana so ne a ce masa akwai sauran abu ɗaya da bai ji ba, kuma cewa mutanen huɗu sun sake haɗuwa ko da na minti huɗu ne. Kamfanin faifan ya fahimci wannan ƙishirwa ƙwarai, shi ya sa aka tallata ta da laƙabin waƙar Beatles ta ƙarshe, aka kuma buga ta a faifai ɗaya da Love Me Do, waƙarsu ta farko ta 1962, don mai saye ya riƙe farko da ƙarshe a hannu guda. Dabarar ta ci: waƙar ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Birtaniya, abin da ƙungiyar ba ta yi ba tun 1969, tazarar shekara 54, ta kuma kai na bakwai a Amurka. Da yawa daga cikin masoya sun saurari baitocin a matsayin saƙon bankwana daga Lennon zuwa McCartney, suka yi kuka, kuma ba ni da hurumin raina hawayen kowa. Sai dai daftari ba wasiyya ba ne. Mutumin da ya kunna rikoda a falonsa yana lalubar kari bai san cewa sauran shekarunsa kaɗan ne ba, kuma yana iya yiwuwa da ya rayu ya sauya rabin kalmomin ko ya watsar da waƙar gaba ɗaya, kamar yadda mawaƙa suke watsar da daftari kullum. Kewa ce take mayar da kowane gunguni ya zama magana mai nauyi.

Ana ma iya ganin hakan a yadda aka bi da ƙin amincewar Harrison. Shi kaɗai ne cikin ukun da ya saurari kaset ɗin ya ce a bari, kuma ba ya nan lokacin da aka dawo kansa. Matarsa Olivia ta bayyana cewa matsalar sauti ce ta hana shi a 1995, kuma da yana raye da ya shiga aikin da zuciya ɗaya. Wataƙila haka ne, ita ta fi kowa saninsa. Amma sakamakon shi ne waƙar da ake kira ta mutum huɗu tana ɗauke da biyu da suka yarda da bakinsu, da biyu da iyalansu suka yarda a madadinsu.

Akwai kuma wani sashe a daftarin Lennon, inda karin yake juyawa ya hau sama kuma kalmomin ba su gama zama ba, wanda McCartney ya cire ɗungurungum daga gamammiyar. Waɗanda suka saba da kaset ɗin tun yana yawo a intanet sun lura nan take, wasunsu suna ganin wannan wurin ne ma ya fi taɓa zuciya, kuma har yanzu idan suna son jin sa sai sun koma ga tsohon kwafin mai kurman sauti da fiyanon da ke danne murya.