Janet Rowley da musayar kuromosom a sankarar jini

Janet Davison Rowley (1925 zuwa 2013) likita ce ’yar Amurka, masaniyar ilimin gadon halitta, wadda ta yi kusan dukkan aikinta a Jami’ar Shikago. Ita ce ta fara nuna cewa wasu nau’o’in sankarar jini na tafiya da wata takamaimiyar musaya tsakanin kuromosom biyu, wato zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a cikin ƙwayar halitta. Kafin aikinta, yawancin masana na ɗaukar hargitsin da ake gani a kuromosom ɗin mai cutar kansa a matsayin ɓarnar da cutar ta bari a baya. Rowley ta ce a wasu cututtukan daga nan ne ma cutar ke farawa.

A 1960 Peter Nowell da David Hungerford sun lura cewa masu sankarar jini irin ta CML, wadda ke tafiya a hankali, suna da wani gajeren kuromosom, aka sa masa sunan birnin Filadalfiya. An yi zaton gutsurensa ne ya ɓace. Rowley ta koyo sabuwar dabarar rini a Oxford ta Ingila tsakanin 1970 da 1971, dabarar da ke fito da zane-zane a jikin kowane kuromosom har a bambance shi da ɗan’uwansa. Takan yanka hotunan kuromosom da almakashi, ta jera su bibbiyu a kan teburin cin abinci na gidanta. A 1972 ta gano cewa gutsuren bai ɓace ba: ƙarshen kuromosom na 22 ya koma kan na 9. An buga wannan a mujallar Nature a 1973. A 1972 ɗin kuma ta gano musaya tsakanin na 8 da na 21 a sankarar jini ta AML, mai saurin tsananta, sannan a 1977 ta bayyana ta na 15 da na 17 a sankarar APL, wani nau’in AML.

Har yau gwajin duba kuromosom bai kauce wa wannan hanya sosai ba. Ana zuƙo ɓargo, a raina ƙwayoyinsa awa 24 zuwa 48, a zuba sinadarin kolsemid don su tsaya daidai lokacin rabuwa, lokacin da kuromosom ke fitowa sarai. Sai a jiƙa su a ruwan fotasiyam kulorayid su kumbura, a daskarar da su da haɗin metanol kashi uku da asid ɗin asetik kashi ɗaya, a ɗiga a kan gilashi, a bi da tirifsin (sinadarin da ke narkar da furotin) da rinin Giemsa. A ƙa’ida ana duba ƙwayoyi 20. Wurin tirifsin ne aka fi yin tuntuɓe: in ya daɗe, kuromosom su yi laɓo-laɓo zanen ya dusashe, in bai kai ba, zanen ya ƙi fitowa. Kusan kashi 95 cikin ɗari na masu CML ana ganin musayar ta wannan hanya, sauran kuwa sai an koma ga gwajin FISH ko PCR, masu duba ƙwayoyin gadon kai tsaye.

Wasu masu bincike ne suka tono abin da ke mahaɗar a shekarun 1980. Ashe gutsuren na 9 ma ya koma kan na 22: ƙwayar gado ta ABL daga na 9 ta manne da BCR ta na 22, haɗin (BCR-ABL) ya haifi furotin da ba ya daina aiki, kullum yana ingiza fararen ƙwayoyin jini su yi ta hayayyafa. Da aka san maƙiyin, sai aka nemi abin toshe shi. Imatinib, wanda Nicholas Lydon da Brian Druker suka yi fice wajen samar da shi, ya sami amincewar hukumar magunguna ta Amurka a 2001. Ƙwaya ce da ake sha, miligiram 400 a rana ga yawancin manya, kuma ta mayar da CML cutar da ake rayuwa da ita shekara da shekaru. A APL ma musayar da Rowley ta gano ce ta bayyana dalilin da ya sa maganin ATRA ke aiki.

Amma aikin bai ƙare a nan ba. Ana bibiyar mai CML da PCR duk wata uku. Ana son BCR-ABL ya sauka zuwa kashi 10 cikin ɗari ko ƙasa a wata na uku, ya kai kashi 0.1 a wata na 12. In ya sake hawa, abu na farko da ake tambaya shi ne ko ana tsallake shan magani, sannan a nemi sabon sauyi a furotin ɗin. Sauyin da ake kira T315I na hana imatinib da magunguna irinsa, dasatinib da nilotinib, kamawa, shi ya sa aka fito da ponatinib a 2012.

Rowley ta karɓi lambar yabo ta Lasker a 1998, da lambar ’yanci ta shugaban Amurka a 2009, da lambar Japan a 2012 tare da Druker da Lydon. Ta rasu a Shikago ranar 17 ga Disamba, 2013, sakamakon kansar ƙwan mace.