Me ake nufi da gwajin kabon?

Mai haƙar ƙasar gini a tsohon kufai, a Rano ne ko a Birnin Kudu, yakan ci karo da tsingaro da toka da gawayi can ƙasa. Masu binciken kayan tarihi gawayin suka fi so, don shi ake yi wa gwajin kabon, a gano shekarunsa.

Duk mai rai yana ɗaukar sinadarin da ake kira kabon-14: gero daga iska, akuya daga ciyawar da ta ci. Ranar da ya mutu shigar ta tsaya, na jiki ya soma raguwa. Rabi na tafiya a shekara 5,730, rabin saura a wata shekara 5,730 ɗin. Sai a auna abin da ya rage, a lissafa kimanin lokacin mutuwa. Willard Libby ne ya fito da dabarar a Amurka, ta kai shi ga kyautar Nobel a 1960. Ba ta aiki a kan dutse, kuma bayan shekara 50,000 abin da ya saura bai isa aune ba.

Inda gardama take shi ne lissafin James Ussher, babban limamin coci a Ayalan. A 1650 ya tara shekarun zuriyoyin da ke Baibul, ya ce a shekara ta 4004 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) aka halicci duniya, wato kimanin shekara 6,000 ke nan. Har yau akwai masu riƙe da wannan. To amma a 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, jihar Yobe, ya tarar da kwalekwale mai tsawon mita 8 da ɗoriya, a zurfin kusan mita 5. Ɗakunan gwaji biyu a Jamus suka auna itacen, ya kai shekara 8,000. Wanda ya sassaƙa shi gwani ne, ya gaji sana'ar daga na gabansa, ga shi kuma ya riga lissafin Ussher da shekara 2,000.

Masu musu sukan ce ai yawan kabon a iska bai tsaya wuri ɗaya ba. Gaskiyarsu. Shi ya sa ake daidaita sakamako da zoben cikin kututturen itace, wanda a ƙasashen sanyi ɗaya ke fita kowace shekara. An jera irin waɗannan zobba, ɗaya bayan ɗaya, har sun wuce shekara 12,000.

Kuskure ya fi faruwa tun a bakin rami. Gara da ɓera suna cakuɗa ƙasar sama da ta ƙasa, saiwa kuma ta ratsa gawayi ta sa masa sabon kabon, ya fito yaro. Cikin tsohuwar bishiya yakan girmi wutar da aka hura da shi da ɗaruruwan shekaru, don haka ƙonanniyar ƙwayar gero ta fi shi amfani, tunda damina ɗaya ta yi a duniya. Ƙashin kifi da bawon dodon koɗi su kuma sukan nuna tsufan da ba nasu ba.

Wanda ya tono irin wannan, kada ya wanke, kada ya zuba a tsumma ko takarda. Abin takaici ne yadda ake kwashewa a kai gida, domin gawayin da ba a san zurfinsa da abin da ke gefensa ba ya rasa rabin labarinsa. A ɗauki hoto da waya, a auna zurfin, a rufe wurin, a sanar da mai gari, shi kuma ya kai maganar gidan tarihi na Gidan Makama a Kano.