Me ake nufi da "tauraro mai ƙarancin ƙarfe"?

Idan ka ce wa maƙeri a unguwar Maƙera Assada ta Sakkwato iskar oksijin ƙarfe ce, zai ajiye guduma ya yi maka kallon mai taɓin hankali. Amma a bakin masana taurari haka abin yake. Duk sinadarin da ba haidurojin ko hiliyam ba, ƙarfe suke ce masa, har da kabon da naitirojin. A ganina sunan bai yi ba, sai dai ya riga ya bi baki. Rana tamu, ƙarfen da ke jikinta bai kai kashi 2 cikin 100 na nauyinta ba. Tauraron da nasa ya gaza na rana sosai, shi ne mai ƙarancin ƙarfe.

Inda abin ya fi tasiri shi ne manyan taurari, waɗanda suka ninka rana nauyi sau 8 zuwa sama. Irinsu ba sa daɗewa: shekaru miliyoyi kaɗan, alhali rana za ta yi kusan biliyan 10. Haskensu yana da ƙarfin da yake tunkuɗa fatar jikinsu waje, ta fice kamar iska, tauraro ya riƙa ramewa tun yana raye. To hasken ba ya samun abin kamawa sai ƙwayoyin ƙarfe, musamman baƙin ƙarfe na gaske. Dubi mai babbar riga da mai singileti a cikin iskar hunturu, wa ta fi ja? Tauraro mai ƙarancin ƙarfe shi ne mai singiletin. Iskarsa ba ta da ƙarfi, ba ya zubar da nauyi sosai, ya fi zafi, kuma juyawarsa ba ta saurin raguwa.

Shi ya sa idan ya mutu yakan bar baƙin rami mai nauyin gaske, wato dunƙulen da ƙarfin jansa ya kai ko haske ba ya iya kuɓuce masa. Ramuka biyun da na'urar LIGO ta Amurka ta gano haɗuwarsu ranar 14 ga Satumba 2015, ɗaya ya kai nauyin rana 36, ɗayan 29, kuma masana na ganin irin waɗannan taurari ne suka haife su.

Wurin da ake yawan nazarinsu shi ne Ƙaramin Gajimaren Majalan, tarin taurari mai nisan tafiyar haske ta kusan shekara 200,000, wanda ƙarfensa kusan ɗaya bisa biyar ne na rana. Daga Sakkwato yana ɗan leƙowa can ƙasa ta kudu a daren Nuwamba, idan hazo bai rufe shi ba.